Yini Guda A Yui, Zango Na 16 A Hanyar Tokaido

Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa kalmar ta girmi unguwar. Kafin ta zama sunan wurin da ake haihuwarmu, ake kuma binne iyayenmu, zango wurin sauke kaya ne, inda madugu zai ce a tsaya, a kwance wa jakuna mangala, a hura wuta, in gari ya waye a sake ɗaurawa. Haka fataken goro suka riƙa yi tsakanin Kano da Salaga, kwana a nan, kwana a can, har watanni. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne makomar zango ranar da ayari ya sake hanya. Salaga ta ga irin wannan rana bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage, fatake suka watse. A ƙasar Japan na yi yini guda a wani zango da shi ma hanya ta bar shi, amma mutanensa ba su watse ba, kuma dalilin zamansu ne nake so in ba masu karatu labari.

Na je Japan ne a matsayina na magatakarda, ina rakiyar maigidana, dattijon unguwarmu, wanda ya je ganin babban ɗansa da ke sana'ar tura tsofaffin motoci daga Yokohama. Watan Mayu ne, tsakanin salloli biyu. Wata ranar Laraba maigida ya ce zai huta a gida, ya ce wa ɗan nasa ya fita da ni in ga gari. Yaron ya ce, “Baba Malam, birni duk ɗaya ne. Bari in kai ka inda za ka ci abin teku, ka kuma ga zane.” Muka kama jirgin ƙasa bayan asuba, ba mai tsananin gudun nan ba, na talakawa mai tsayawa a kowace tasha, muka sake wani a Atami. Tafiyar awa biyu ce da ɗoriya.

Tun a cikin jirgi ya fara karanta mini sunayen tashoshi: Totsuka, Fujisawa, Hiratsuka, Oiso, Odawara, daga baya Mishima, Numazu, Hara, Yoshiwara, Kambara. Ya ce waɗannan duka sunayen tsofaffin zanguna ne. A shekarar 1601 Tokugawa Ieyasu, sarkin yaƙin da ya haɗe ƙasar a hannunsa, ya tsara masaukai a kan hanyar da ake kira Tokaido, wadda ta tashi daga Edo, wato Tokiyo ta yau, ta nufi Kiyoto, tafiyar kilomita kusan 500. Da tsarin ya kammala, zanguna 53 aka samu, kowanne da wajibin ajiye dawaki da 'yan dako da ɗakunan baƙi. Daga 1635 aka wajabta wa sarakunan larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a ƙasarsu, iyalinsu kuwa suna zaune a Edo tamkar jingina. Wannan doka ce ta cika hanyar da tawagogi, ta kuma ciyar da zangunan. Yui shi ne na 16, kuma yana cikin ƙananansu, siririn gari da aka matse tsakanin dutse da teku.

Da muka fito daga tasha, abin da ya fara tarbarmu wata ƙofa ce da aka gicciya a kan titi, an ɗora mata siffar jatan lande guda biyu manya, masu launin ja-ja mai haske. Yaron ya ce mu bar maganar ciki tukuna, mu fara hawa dutse tun gajimare bai rufe sama ba. Muka bi tsohuwar hanya ta yamma, tsakanin gidajen katako masu baƙin rufi, har ta fara miƙewa sama ta cikin gonakin lemo. A gefen hanya na ga wani ɗan teburi da ƙullin lemo a leda, da gwangwani, da takarda mai farashi, yen 100, babu mai tsaro. Muka jefa kuɗi muka ɗauka. Hawan bai kai na Dala wahala ba in an bi a hankali, amma mai shekara hamsin da 'yan kai sai ya tsaya ya huta sau biyu.

Mashigin dutsen ana kiransa Satta. Daga can mutum zai ga teku a ƙarƙashinsa, ga kuma dutsen Fuji a tsallaken ruwa, mai tsawon mita 3,776, kansa fari fat da dusar ƙanƙara duk da cewa mu gumi muke yi. A zamanin da, nan ne wurin da matafiya ke tsoro, domin dutsen ya gangaro har cikin ruwa, mai bin ƙasa sai ya jira igiya ta ja baya ya ruga, shi ya sa aka sara hanya ta sama. Girgizar ƙasa ta 1854 ta ɗaga gaɓar, aka samu wurin wucewa ta ƙasa. Yau a wannan ɗan tsukin akwai layin dogo, da babbar hanyar ƙasa, da tagwayen hanyar Tomei da aka kammala a 1969, wadda ke tafiya bisa ginshiƙai a kan ruwa. Jirgin nan mai gudu, da ya fara aiki a 1964, ta cikin ramin dutse yake wucewa. Na tsaya ina kallon manyan motoci suna bin juna ba iyaka. Ayarin da ke wuce Yui a awa guda yanzu ya fi wanda ke wuce shi a wata guda a da, sai dai babu mai kwance kaya.

Muka gangaro zuwa kwatar masunta wajen azahar. Jiragen kamun suna ɗaure a jere, farare, biyu-biyu. Mashigin tekun da garin ke kallo sunansa Suruga, shi ne mafi zurfi a Japan, ya kai mita 2,500. A cikinsa ne kaɗai a faɗin ƙasar ake kamun wani ƙaramin jatan lande da suke kira sakura ebi, saboda launinsa ya yi kama da furen itacen sakura. Tsawonsa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, jikinsa da ɗigo-ɗigon da ke ba da haske, ransa kuma bai fi wata 15 ba. Da rana yana can ƙasa, mita 200 zuwa 300, da dare ya taso sama neman abinci, shi ya sa kamunsa aikin dare ne. Mutanen garin suna ba da labarin cewa a 1894 wasu masunta biyu suka fita kamun wani kifi, suka jefa taru babu abin da ke ɗaga shi a kan ruwa, tarun ya nutse fiye da yadda aka saba, ya fito cike da wannan halitta. Mulkin Tokugawa ya riga ya faɗi tun 1868, tawagogi sun ɗauke, jirgin ƙasa ya karɓe matafiya. Sai ga abincin garin ya fito daga ƙarƙashin ruwan da suka yi shekaru ɗaruruwa suna kallo.

Muka shiga wani ƙaramin gidan abinci kusa da kwata. Abin da ya fito daga ruwa bai da wata matsala a wurin wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya, amma Japanawa suna yawan zuba wata giyar shinkafa a romo da miya, don haka yaron ya tambayi dattijuwar da ke hidima, da harshensu. Ta saurara, ta sunkuya, ta ɗauke ɗan kwanon romon, ta kawo gishiri da yankin lemon tsami. Abincin da garin ya yi suna da shi ana kiransa kakiage: a kwaɓa jatan landen da ɗan ƙullun fulawa, a soya a mai. Dangin ƙosai ne, sai dai ya fi faɗi, ya fi ƙaras-ƙaras, ƙullun kuwa ɗan abin da zai riƙe su ne kawai. Ba a ɓare shi, da kai da ƙafa ake ci. Ɗanɗanonsa ya tuna mini busasshen jatan landen da matanmu ke dakawa a shito, amma wannan da zaƙi-zaƙi a ƙarshensa, babu ƙarni. An kuma kawo ɗanyensa a kan shinkafa. Na ɗebi kaɗan don kada in koma gida da labarin wani, na same shi da laushi da sanyi, na koma wa soyayyen. Muka bi da koren shayi, wanda lardin Shizuwoka ya shahara da nomansa.

A kan wannan abinci ne yaron ya bayyana mini yadda ake kamun, daga baya kuma na ga bayanin a allunan da ke kwatar. Jirgi ɗaya ba ya kamu. Biyu ne ke jan taru guda a tsakaninsu, kuma adadin da aka daɗe ana ba izini shi ne jirage 120, wato taru 60, daga Yui da Kambara da Oigawa. Lokacin kamu biyu ne a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yuni, sai daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Daga 11 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba an haramta, domin lokacin ƙwai ne. Ko a cikin lokacin kamu, kowace rana sai kwamiti ya zauna ya yanke ko za a fita, da inda za a jefa taru, da yawan da za a ɗebo. Da asuba a yi gwanjo. Kuɗin da aka samu duka a zuba a asusu ɗaya, a cire na hidima, a raba tsakanin jiragen daidai wa daida, wanda tarunsa ya cika da wanda nasa ya fito da rabi.

Wannan tsari bai sauko musu haka kawai ba. A shekarun 1960 kowa yana rige-rigen cika jirginsa, kaya suka yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi, ga kuma dattin masana'antun takarda da ke gurɓata ruwan Tagonoura kusa da su. Yui ta fara haɗa asusu a 1966, sauran suka bi, a 1977 aka haɗe yankunan uku. Na daɗe ina rubuta sulhu tsakanin 'yan kasuwa, na san abin da ke cikin irin wannan yarjejeniya. Gwanin da ya san inda kifi ke kwana dole ya yarda rabonsa ya zo daidai da na wanda bai kai shi ba. Dole kuma a samu masu ƙorafin cewa rago yana cin gumin mai himma, domin zuciyar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina. Tsarin bai hana masifa zuwa ba. A 2018 jatan landen ya yi ƙaranci ƙwarai, har aka soke kamun kaka na wannan shekara ɗungurungum. Wasu sun ɗora laifin a kan yawan kamu, wasu a kan laka da ke gangarowa daga kogin Fuji, wasu a kan sauyin tafiyar ruwan teku. Amma da aka ce a tsaya, an tsaya gaba ɗaya, domin babu wanda zai ci ribar satar fita alhali asusu ɗaya ne. Shekarun da suka biyo baya an yi ta kamu da taka-tsantsan, ana barin ƙanana da masu ƙwai, har abin ya fara farfaɗowa.

Muka yi salla a wani lungu mai tsabta a bakin kwata, muka haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya. Wanda ya saba cewa zai fuskanci gabas, a nan sai ya juya wa gabas baya, domin alƙibla tana yamma, da ɗan karkata arewa.

Daga nan muka taka zuwa tsakiyar tsohon zangon, tafiyar kusan minti 20. Filin da masaukin sarakuna yake a da, wanda suke kira honjin, an mai da shi lambu. A gabansa har yanzu akwai dogon kwamin dutse inda dawakin tawaga ke shan ruwa, yanzu kunkuru ne ke shan hantsi a ciki. A cikin filin aka gina gidan adana zane-zane a 1994, aka sa masa sunan Utagawa Hiroshige, mai zanen da aka haifa a Edo a 1797, ya rasu a 1858. Gidan yana riƙe da ayyuka wajen 1,400, ana fito da su kashi-kashi saboda haske yana cin launi. Aikin da ya ɗaukaka sunan Hiroshige shi ne jerin hotunan zangunan Tokaido da aka buga wajen 1833 zuwa 1834, guda 55, wato zanguna 53 da mafari da maƙura.

Na tsaya a gaban na Yui. Ga gangaren Satta a hagu, tsaye kamar bango, da itatuwa a karkace. Ga Fuji fari a nesa, ga jiragen ruwa masu filafilai a kan shuɗin teku. Can a ƙololuwa ga mutane ƙanana kamar tururuwa: matafiya suna leƙen dutsen cikin mamaki, da wani mai ɗauke da itace a bayansa wanda ya kama gabansa, domin shi kullum yana gani. Wurin da na tsaya da safe ke nan, ba a rage komai ba sai motoci. Kusa da shi akwai na Kambara, zangon da ke maƙwabtaka, an zana shi cikin dare da dusar ƙanƙara ta binne rufin gidaje, alhali garin yana yankin da ba a cika ganin dusar ba. Magatakarda ba shi da wannan dama. Mai zane yana da ita, kuma mutane sun karɓa.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne sashen da aka nuna yadda ake yin hoton. Hiroshige bai taɓa takardar da ke gabana da hannunsa ba. Shi nasa ya zana da tawada a kan siririyar takarda. Masassaƙi ya karɓa, ya kifa ta a kan allon itacen sakura, ya manne, ya bi layukan da wuƙa yana sassaƙe duk abin da ba layi ba, har zanen asali ya ƙare a ƙarƙashin wuƙarsa. Kowane launi da allonsa, kuma a gefen kowane allo akwai ɗan tsagi da ake saka bakin takarda don kada launi ya zame daga gurbinsa. Sa'an nan mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Shuɗin saman nan da ke farawa da duhu ya tafi yana dusashewa, aikin hannun mai bugu ne, da jiƙaƙƙen ƙyalle da burushi yake fitar da shi, takarda bayan takarda, ɗaruruwa. A bayansu duka akwai mai ɗab'i, wanda ya zuba jari ya haɗa su, shi ne madugun tafiyar. Ana cewa kuɗin hoto guda a lokacin bai fi na kwanon taliya ko biyu ba. Irin waɗannan hotuna ne suka isa Turai, har Van Gogh ya kwaikwayi biyu daga cikin na Hiroshige a 1887.

Sunan mai zane yana kan takardar, da hatimin mai ɗab'i. Na masassaƙi da na mai bugu galibi babu. Shekara ashirin da 'yan kai ina rubuta wasiƙu da takardun sulhu da na rabon gado, su fita da sunan maigida da hatiminsa, kuma haka ya dace, domin maganarsa ce, nauyin ma a wuyansa yake. Don haka da na ga allon nan da aka sassaƙe layinsa siriri kamar gashi, na san irin mutumin da ya yi shi. Ya san cewa in wuƙarsa ta kauce, sunan wani ne zai ɓaci, sai ya ƙara kula saboda haka. An ajiye alluna da launi don baƙi su gwada. Na buga nawa, launi uku, teku ya ɗan hau kan dutse. Yaron ya yi dariya ya ce, “Baba Malam, alƙalami daban, wannan daban.”

Tsallaken titi akwai wata tsohuwar marina da ake kira Shosetsu Koya, wadda ta faro tun farkon zamanin Edo. Ana cewa a gidan aka haifi Yui Shosetsu, wanda ya shirya tawaye ga gwamnatin Tokugawa a 1651, asirin ya tonu. A daɓen shagon an binne tulunan rini har wuya, da murafensu na katako. Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ba ya bukatar tafinta a nan. Ganyen da suke samun shuni daga gare shi ba irin babanmu ba ne, kuma su saboda sanyi sukan jera tulu huɗu su bar gurbin wuta a tsakiya don ruwan ya yi ɗumi, amma shuɗin ɗaya ne. Na sayi ƙyalle biyu, na maigida da na uwargida.

Kafin magariba muka koma kwata. Wurin da muka bari shiru ya cika da mutane cikin takalman roba, ana loda akwatuna, ana gwada fitilu. Kwamiti ya ce a fita. Babu wanda ya riga wani kwance igiya. Da lokaci ya yi suka tashi injuna kusan tare, suka bi juna ta bakin shingen kwata, suka bazu a kan ruwa, Fuji yana komawa toka-toka a bayansu. In an yi sa'ar rana, wani kaso na abin da za su kamo za a shanya shi gobe a bakin kogin Fuji, fili guda ya koma ja.

Mai zane ɗaya ba ya fitar da hoto, jirgi ɗaya ba ya jan taru, kuma a duka biyun sai wani ya haƙura da ganin sunansa ko rabonsa ya fi na ɗan'uwansa. Da wannan haƙuri Yui ta riƙe mutanenta bayan matafiya sun daina kwana. Garin ba shi da girma, samari da yawa suna tafiya birane kamar ko'ina a ƙauyukan Japan, tun 2008 ma an haɗe shi da birnin Shizuwoka. Amma ƙaramin abin da Allah ya ba su ba su cinye shi a shekara goma ba, kuma tarihin zamansu na zango ba su bar shi ya ruɓe ba.

Mun isa gida bayan isha, na miƙa wa maigida ƙyallensa da ƙullin busasshen jatan lande, na ba shi labari tun daga lemon bakin hanya har fitar jirage. Bai tanka ba sai da na zo kan asusu ɗaya. Ya sa na maimaita, ya tambayi jirage nawa ne, da shekara nawa suka yi a haka, da wanda ke riƙe musu littafin lissafi. Na ce ƙungiyarsu ta masunta ce. Ya ce in rubuta duk abin da na faɗa masa, da shekarun, in ajiye a jakar takardunmu, domin akwai maganar mahauta da dillalan shanu da ke jiranmu in mun koma.